Injin folish da fentin mota: abin da ya kamata ku sani kafin ku sa hannu

Baƙar mota a ranar Maiduguri ba ta ɓoye sirrinta. Daga nesa tana sheƙi, amma idan kuka matso kuka dubi inda hasken rana ya sauka a kan bonet, za ku ga siraran zane-zane sun kewaye hasken, zagaye a kan zagaye, ba su ƙirguwa. Ba hatsari motar ta yi ba, ba kuma yaran unguwa ne suka karce ta da ƙusa ba. Aikin busasshen tsumma ne, wanda direba ko maigadi ke kaɗe mata ƙura da shi kowace safiya.

Ƙura kuwa ba ta yanke wa garin nan. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu na kwaso ta daga Sahara, da yawanta daga kwarin Bodele a arewacin Chadi. Ga kuma rairayin gari, wanda ƙwayarsa ta fi fenti tauri nesa ba kusa ba. Sai ambaliyar 10 ga Satumba 2024 ta ƙara nata: da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, motoci da dama a Gwange da Custom da kewayen Monday Market suka yi kwanaki cikin ruwa, laka ta bushe a jikinsu, aka zo aka kankare ta da buroshi da soson buhu. Don haka ba abin mamaki ba ne a ga mai wankin mota, ko mai fenti, ko ma mai motar kansa ya tara kuɗi ya sayo injin folish. Sayen shi ne mai sauƙin. Sabawa da shi kuma sai a hankali.

Abu na farko da sabon mai inji zai sa a ransa shi ne injin ba ya ƙara wa mota komai. Ragewa yake yi. Fentin motar zamani hawa-hawa ne: a ƙasa akwai maganin tsatsa da firaima, a tsakiya launi, a sama kuma wani ruwa garau marar launi da masu fenti ke ce wa kiliya. Kiliyar ce ke sheƙi, ita ce kuma ke tare rana kada ta cinye launin. Idan aka haɗa hawan duka, a motar da fentinta na kamfani ne, kaurinsu yakan kama daga maikiron 100 zuwa 180, maikiron kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Kiliyar ita kaɗai ba ta cika wuce 35 zuwa 50 ba, wato ba ta kai kaurin silin gashi ba. Zanen da ido ke gani rami ne a cikin wannan 'yar fatar. Inji ba ya cike ramin. Sassaƙe abin da ke kewaye da shi yake yi har filin ya sauko daidai da gindin ramin, kamar yadda kafinta ke bin katako da randa har tsagin jikinsa ya ɓace. Katakon ya yi sumul, amma ya rage kauri. Duk folish mai ci yana tafiya da 'yan maikiron, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa sai an koma wurin mai fenti.

Shi ya sa a ganina mai motar da ke sa a yi mata folish mai ci kowace Sallah cutar kansa yake yi, shi kuma yaron da ke karɓar aikin bai faɗa masa ba, bai kyauta ba. Sau ɗaya ko biyu a rayuwar mota ya isa a yi mata gyara mai zurfi. Sauran duk kulawa ce.

Wane irin inji ne a hannunku?

Injinan iri biyu ne, kuma halinsu ya sha bamban. Na farko shi ne mai juyi ɗaya, rotari, wanda masu fenti da fanabita suka daɗe da sani. Sosonsa yana juyawa ne a kan ƙusa ɗaya. Irin na Makita, da ire-irensa na kamfanonin Cana da suka cika shagunan kayan aiki, ana saita gudunsu daga juyi kusan 600 zuwa 3,000 a minti, wutarsu kuma wajen wat 1,200. Rotari yana da ci, yana da sauri, yana kuma tara zafi a wuri ɗaya, musamman a bakin soso, domin baki ya fi tsakiya gudu. A hannun gwani ba shi da na biyu. A hannun ɗan koyo yakan bar wata irin inuwa mai walƙiya, layi-layi, wadda ba a ganinta a cikin rumfa sai an fitar da mota rana ta riƙa bin mutum duk inda ya zagaya. Idan abin ya zo da ƙarar kwana, ya huda kiliya a kan kusurwa kafin a farga.

Na biyu shi ne mai juyi biyu. Shi sosonsa yana juyawa, yana kuma karkarwa a cikin wani ɗan zagaye, don haka ba ya maimaita hanya ɗaya, zafi ba ya taruwa. Faɗin wannan ɗan zagayen a ƙananan injina milimita 8 ne. Kamfanin Rupes na birnin Milan a Italiya ne ya yaɗa masu milimita 15 da 21, wasu kamfanoni suka bi sahu. Ga wanda bai taɓa riƙe inji ba, wannan ne ya fi dacewa.

To amma yana da wata ɗabi'a da ke ruɗa kusan duk wanda ya fara da shi. Idan aka danna shi da yawa, ko aka karkatar da shi, ko ya hau wuri mai lanƙwasa kamar kafaɗar ƙofa, juyin sai ya tsaya. Ƙara tana nan, karkarwa tana nan, hannu na jin aiki, amma soso ba ya cin komai. Mutum ya yi rabin awa a kan ƙofa ɗaya, ya goge, ya ga zane na nan daram, ya ce an sayar masa da jabu. Maganin wannan maka ce ta rubutu. A ja layi ɗaya baƙi a bayan faifan da soso ke manne a kai. Muddin layin na zagayawa, inji na aiki. Da ya tsaya ko ya soma rawa a wuri ɗaya, a sassauta hannu, a daidaita soso ya kwanta. Akwai wani iri na uku, kamar Flex 3401 na Jamus, wanda haƙoran giya ke tilasta wa juyawa. Shi ba ya tsayawa, amma yana jan hannu, sai an riƙe shi da kyau.

Wanda ya saba da rotari ya koma mai juyi biyu yakan zo da halinsa na da: ya ɗaga gefe ɗaya na soso, ya riƙa gudu da hannu don tsoron ƙonewa. A sabon injin duka biyun ɓata aiki ne. Wanda kuma ya taso daga mai juyi biyu zuwa rotari ya fi shiga haɗari, domin ya saba da dannawa da jinkiri, abubuwa biyun da rotari ke ƙona fenti da su.

Kada a ɗaura soso a kan giranda, injin yankan ƙarfe, a ce an samu injin folish. Ana yi, don ƙusarsu kan zo ɗaya. Ƙaramar giranda tana juyi wajen 11,000 a minti, yawancinsu kuma ba su da abin rage gudu. Fenti ba zai jure ba, soson ma yana iya tarwatsewa a fuskar mutum.

Sai maganar wuta, wadda mutanen Maiduguri ba sa buƙatar a yi musu dogon bayani. Tun da aka lalata turakun layin wutar Damaturu a Janairun 2021 garin ya ɗanɗana dogon duhu, kuma ko bayan buɗe tashar gas mai megawat 50 a Maris 2023, mai sana'a bai rabu da janareta ba. Ɗan ƙaramin janaretan nan na shago ƙarfinsa bai kai wat 1,000 ba, ba zai ɗauki rotari mai 1,200 ba. Ko ya tayar da shi, gudun zai riƙa hawa da sauka, injin ya yi zafi, kwayil ya ƙone. Doguwar waya siririya ma tana rage ƙarfin wuta. A kuma duba rubutun jikin inji kafin a biya kuɗi, musamman na gwanjo: wanda aka yi don Amurka na wuta 120 ne, tamu kuwa 230 ce. A jona shi kai tsaye, shi ke nan an yi asararsa.

Kwanakin farko

Motar Alhaji ba wurin koyo ba ce. A je wurin fanabita ko 'yan gwangwan a sayi tsohon bonet ko ƙofa mai sauran fenti, baƙa idan an samu, don baƙi ba ya rufa asiri. A ɗora ta a kan tayoyi. A nan za a gwada kowace lamba ta gudu, a ji yadda injin ke nauyi a hannu, a ga inda yake son ja. Ina ma ba da shawara a ƙona ta da gangan: a tsaya a kan kusurwa har kiliya ta huje, launi ya fito a jikin soso. Wanda ya ga yadda abin ke faruwa, da irin ɗumin da ƙarfe ke yi kafin nan, ba zai manta ba.

In an zo kan mota, wanki ne farko, wanki na sosai. Bayan ta bushe a shafa tafin hannu a kan bonet. Idan ana jin kaushi, akwai datti da ya kafe a jikin fenti, sai an bi shi da yumɓun nan na goge mota tare da ruwan sabulu, in ba haka ba soso zai kwashe shi ya yi ta zane da shi. Sannan a rufe robobin gilashi, baƙar robar bamba, tambarin mota da kaifafan kusurwoyi da tef ɗin takarda irin na masu fenti. A kusurwa fenti ya fi siranta, a nan ne kuma nauyin soso ke taruwa.

Ba a farawa da mai ci. A zaɓi fili ɗaya a kan bonet, kamu ɗaya tsawo kamu ɗaya faɗi, wato wajen santimita 40 zuwa 50, a gwada soso mai taushi da folish mai laushi. A goge a duba. In zane ya tafi, an samu abin da za a bi sauran motar da shi, an kuma bar mata kiliyarta. In bai tafi ba, a hau mataki ɗaya: soso mai ɗan tauri, ko kwamfawun mai ci. Soson ulu shi ne ƙarshe. Masu sana'ar sun daɗe da lura cewa fentin motocin Japan, irin su Toyota da Honda da suka cika titunanmu, yakan fi taushi, na Jamus kamar Marsandi yakan fi tauri. Amma wannan hasashe ne kawai kafin gwaji. Haka launin soso: babu wata doka da ta haɗa kamfanoni, ruwan ɗorawa a wannan kamfani na iya zama mai ci, a wancan mai taushi. A matsa shi da yatsa, a karanta kwalinsa.

Ga yadda hannu ke tafiya. A ɗiga magani huɗu ko biyar a kan soso, kowane ɗigo bai wuce ƙwayar wake ba. A rataya waya a kafaɗa kada ta riƙa jan jikin mota. A ɗora soso a kan fenti tukuna kafin a kunna, in ba haka ba magani zai fantsama har kan gilashi da rigar mutum. A lamba ta ɗaya ko ta biyu a baza maganin a cikin filin, sannan a hau ta huɗu ko ta biyar idan mai juyi biyu ne. Rotari kuwa ɗan koyo ya tsaya tsakanin juyi 900 da 1,500. A tafi daga hagu zuwa dama, layi na biyu ya hau rabin na farko, in an kai ƙarshe a juya a bi daga sama zuwa ƙasa. Tafiyar a hankali ce ƙwarai, santimita biyu ko uku a daƙiƙa, har mai kallo ya ɗauka kasala ce. Bi uku ko huɗu, maganin zai sirance ya koma kamar maiƙo. A bi na ƙarshe a sassauta hannu. A kashe inji soso na kan fenti, a goge da tawul mai laushi, a haska tocilar waya daga gefe.

A nan ne mutane da yawa ke yaudarar kansu. Wasu magungunan suna da mai da ke kwanciya a cikin zane ya ɓoye shi. Mota ta fita tana walƙiya, a yi mata wanki biyu, zane ya dawo, mai mota ya dawo da faɗa. Kafin a yanke hukunci a kan gwaji, a goge wurin da sinadarin IPA, wato wani nau'in sifirit, da aka sirka da ruwa, a ga gaskiyar abin da ya rage.

Kwamfawun ɗin da masu fentinmu suka fi sani, G3 na kamfanin Farécla na Ingila, tsohon samfurinsa na gwangwani don rotari aka yi shi, ana aiki ana yayyafa ruwa. Na zamani irin na Menzerna, 3M da Meguiar's yawancinsu ba sa son ruwa. Kowanne a bi abin da aka rubuta a jikinsa.

Soso yana cika. Kiliyar da aka sassaƙe da busasshen magani suna taruwa a cikinsa, cinsa ya ragu, zafinsa ya ƙaru. Bayan kowane fili a bi shi da buroshi ko a hura masa iska, kuma soso ɗaya ba ya gama mota. A tanadi uku ko huɗu a riƙa sauyawa. Wanda ya faɗi ƙasa ya gama aikin ranar sai an wanke shi.

Rana, ƙura da motocin Kwatano

Umarnin da ke jikin kwalaben nan an rubuta shi ne da tunanin gareji mai sanyi. A Maiduguri daga Maris zuwa Mayu zafi na haura digiri 40 a inuwa, bonet ɗin baƙar mota a rana kuwa yana iya wuce 70. A kan irin wannan ƙarfe magani na bushewa kafin ya yi aiki, ya zama gari, ya daskare, fentin kuma ya yi laushi. Ƙa'idar mai sauƙi ce: in bayan hannu ba zai iya zama a kan ƙarfe ba, ba a ɗora inji. Motar da ta iso daga tafiya a buɗe bonet ta huce. Lokacin aiki daga bayan asuba ne zuwa hantsi, ko bayan la'asar. A lokacin zafi a rage girman fili, a rage gudu. Bamba ta roba ta fi ƙarfe riƙe zafi, fentinta na iya tattarewa ba zato, don haka a bi ta da sauƙi.

Inuwar dogon yaro, wadda titunan garin ke tinƙaho da ita, tana da daɗin zama amma ba ta aikin folish ba ce. Ganye da 'ya'ya na zubowa, tsuntsaye na sama, kashinsu kuma a kan fenti mai zafi yana cin kiliya cikin sa'o'i. Rumfar kwano mai kariya ta gefen da iska ke tasowa ta fi. A yayyafa ruwa a ƙasa don ƙura ta kwanta. Ƙwayar rairayi ɗaya ta shiga ƙarƙashin soson mai juyi biyu, za ta bar wani zane mai nannaɗewa a duk inda injin ya bi. Ranar da hazo ya rufe gari, gara a ba mai mota haƙuri. Ruwan burtsatse da mai moya ke kawowa ma a yi hattara da shi: in ya bushe da kansa a jikin mota mai zafi yakan bar fararen ɗige-ɗige, wasu har sai da inji suke fita. A tsane shi da tawul nan take.

Yawancin motocin da ke hannun mutane 'yan Kwatano ne ko na hannu, kuma da yawa an taɓa fentinsu, wasu tun kafin su iso, wasu a nan gida. Fentin gareji ba shi da tabbas: wani wuri kauri, wani wuri ɗan fesawa, ƙarƙashi kuma wataƙila bodi fila. Akwai 'yar na'urar auna kaurin fenti. In ta nuna 120 a ƙofar gaba, ta nuna 350 a ta baya, an sake fentin ta bayan. Wanda ba shi da ita ya duba burbushin fenti a kan robar gilashi, da bambancin launi tsakanin ƙofa da madigadi, ko ya naɗe maganaɗisu a tsumma ya bi jikin ƙarfe, inda ya ƙi kamawa sosai akwai fila. Wani fentin kuma ba shi da kiliya sam, launi da sheƙi a haɗe suke, kamar na tsofaffin motoci da fentin araha. A kansa soso zai ɗauki launin mota tun bi na farko, ba laifi ba ne. Amma a motar da ke da kiliya, ganin launi a soso na nufin an huda. A tsaya nan take. Sabon fenti kuma ana iya goge shi bayan ya ƙame, sai dai kada a rufe shi da waks sai ya yi wata guda ko fiye, ya gama fitar da tina.

Akwai abin da inji ba ya gyarawa, kuma faɗin haka tun farko ya fi. A ja farce a kan zane. In farce ya maƙale, zanen ya yi zurfin da bin sa zai cinye kiliya. Iyaka a rage masa kaifi ya daina ɗaukar ido. Rufi da bonet da suka yi fari-fari suna saɓulewa, abin da ranar nan ta saba yi wa motoci, kiliyarsu ta riga ta mutu. Folish zai ba su sheƙin kwana biyu ya kuma gaggauta ɓarewar. Amsar da ta dace ita ce: Alhaji, wannan ba nawa ba ne, na mai fenti ne.

Bayan an gama, fenti tsirara yake, sai an shafa masa kariya. Waks a zafin nan makonni yake yi, musamman in da omo ake wanki. Na roba-roba da ake ce wa silan yana kai watanni. Na siramik ya fi su daɗewa da tsada. Shi kansa injin a hura masa iska ta ramukan shan iskarsa bayan aiki, a riƙa duba kabon ɗinsa, don ƙura na cinye shi da wuri. A sa takunkumi, garin kwamfawun ba na shaƙa ba ne.

Lokaci ne abin da sabon mai inji ya fi rainawa. Bi ɗaya na tsanaki a kan ƙaramar mota yana cin awa huɗu zuwa shida. In za a yi mai ci sannan a bi da mai laushi, yini guda ne ko biyu. Wanda ya yanke farashi kafin ya taɓa motar, sau da yawa kwalliya ba ta biyan kuɗin sabulu, sai ya shiga gaggawa da ƙara gudu. Dabarar ita ce a ja tef a tsakiyar bonet, a gyara gefe ɗaya, a cire tef ɗin, a fitar da motar rana a kira mai ita ya gani da idonsa. Ya ga abin da zai fita, ya ga wanda ba zai fita ba, mai aiki kuma ya san taurin fentin da awannin da zai ci. Sannan a zauna a yi ciniki.